Farantin Sola na Siririn Silikon: Yadda Aka Ƙara Masa Ƙarfi, da Wanda Ya Dace Ka Saya

Wanda ya shiga layin masu sayar da kayan sola a kasuwa irin ta Sabon Gari a Kano, ko a Maraɗi, ko a Yamai, farantai iri biyu zai fi gani a jingine a ƙofar shaguna: baƙin da ake kira mono, da shuɗin da ake kira poli, wanda yanzu ya fara ƙaranci. Dukansu idan aka dube su da kyau za a ga ƙananan fallaye masu kusurwa huɗu a jere ƙarƙashin gilashi. Amma jefi-jefi akan ci karo da wani na dabam, gilashi sumul, launinsa baƙi mai sirkin ja ko ruwan ƙasa, babu fallaye a cikinsa sai siraran layuka da suka miƙe daga wannan baki zuwa wancan, sau da yawa kuma ba shi da firam ɗin alminiyam. Wannan shi ne farantin siririn shafe. Abin da aka saba faɗa a kansa shi ne ba ya jin zafin rana, yana kuma caji ko da hadari ya rufe sama. Akwai gaskiya a cikin maganar, sai dai gaskiyar tana da iyaka da za a iya aunawa da alƙaluma, kuma duk wanda zai zuba kuɗinsa ya kamata ya san inda iyakar take.

Ingancin faranti, a wurin masu sana'ar, shi ne kason hasken da ya sauka a kansa wanda ya iya mayarwa wutar lantarki. Ana auna shi ne a ɗakin gwaji da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, farantin kuma yana kan zafin digiri 25. Mono na zamani yana mayar da kashi 20 zuwa 23 cikin 100. Farantin siririn silikon mai hawa ɗaya, wato mai shafe ɗaya tak na kama haske, da aka riƙa sayarwa bai cika wuce kashi 6 zuwa 8 ba. Tazarar nan tsakaninsu ita ce masana a Amurka da Japan da Suwizalan da Jamus suka shafe kusan shekara arba'in suna ƙoƙarin cikewa, kuma kowace hanya da suka bi ta haifar da wani nau'in faranti da ake iya tarar da shi a kasuwa.

Fallen mono ana yanko shi ne daga dunƙulen silikon da aka narkar a zafin da ya haura digiri 1,400, ƙwayoyin zarrarsa a jere cikin tsari, kaurinsa wajen maikuromita 150 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Siririn shafe kuwa ba a narka komai: ana sa gilashi cikin wani akwati da aka zuƙe iskarsa, a shigar da iskar silen da ta haidurojin, a kunna musu wuta har su tarwatse, silikon ya riƙa sauka a kan gilashin a zafin da bai wuce digiri 200 da ɗoriya ba. Kaurin shafen kusan nanomita 300 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita), wato fallen mono ya ninka shi wajen sau 500. Ƙwayoyin zarrarsa ba su da jeri, shi ya sa ake ce masa silikon marar tsari. A 1975 Walter Spear da Peter LeComber na Jami'ar Dundee a Sikotilan suka nuna cewa ana iya sarrafa halinsa na ɗaukar wuta ta hanyar sa masa ɗan fosfaras ko boron, a 1976 kuma David Carlson da Christopher Wronski na ɗakin binciken kamfanin RCA a Amurka suka fitar da sel na farko da shi, wato ɗan yankin da ke mayar da haske wuta, mai ingancin kashi 2.4. Zuwa 1980 kamfanin Sanyo na Japan ya fara sa shi a jikin na'urar lissafi. Fatan da aka ɗora a kansa a bayyane yake: silikon kaɗan, zafi kaɗan, gilashi mai faɗi a shafe shi a tashi ɗaya.

Shekara guda bayan sel na farko, a 1977, David Staebler da Wronski ɗin nan suka gano cikas ɗin da har yau yake ɗauke da sunayensu. Saboda rashin jeri, wasu ƙwayoyin silikon suna da hannun da bai kama komai ba, kuma irin waɗannan gurabu suna cafke ilektoron kafin ya kai ga waya. Haidurojin yana toshe yawancinsu, amma hasken rana kansa yana sake buɗe wasu, ta yadda sabon faranti yakan rasa kashi 10 zuwa 30 na ƙarfinsa a cikin sa'o'i dubu na farko a rana, sannan ya tsaya. Idan aka gasa shi a wajen digiri 150 ƙarfin yana dawowa. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne asarar ta fi tsanani idan shafen ya yi kauri, domin tafiyar ilektoron tana ƙara nisa. To idan aka sirantar da shi don a tsira daga wannan, sai haske mai yawa ya ratsa ya wuce ba a kama shi ba. Duk wata dabarar ƙara inganci da aka ɓullo da ita, a tsakanin waɗannan matsaloli biyu take neman mafita.

Hanya ta farko ita ce gyara shafen kansa. An lura cewa idan aka tsinka iskar silen da haidurojin mai yawa, aka kuma bar silikon ya sauka a hankali, shafen yana fitowa a matse, gurabunsa kaɗan, lalacewarsa a rana ma ta ragu. A cibiyar bincike ta AIST da ke Tsukuba a Japan, an sa wata raga ta ƙarfe tsakanin wutar da gilashin don ta tare manyan ɓarɓashi, aka kai sel mai hawa ɗaya kashi 10.2 bayan ya gama raguwa. Wannan shi ne ƙololuwar da marar tsari mai hawa ɗaya ya taɓa kaiwa, a kan ɗan gutsuren da bai wuce murabba'in santimita ɗaya ba, kuma da saurin shafe da babu masana'antar da za ta jure masa, tunda injin mai tsadar gaske ne kuma kowane minti da gilashi ya ƙara a cikinsa kuɗi ne. A ganina wannan hanya ta fi amfanar ilimi a kan kasuwa, kodayake, kamar yadda za mu gani, ilimin bai tafi a banza ba.

Hanya ta biyu ita ce tsare hasken a cikin shafen, kuma ita ce ta fi burge ni, domin ba a ƙara silikon ko ɗigo. Tsakanin gilashi da silikon akwai wata shimfiɗa garai-garai mai ɗaukar wuta, ta tin oksaid ko zink oksaid. Maimakon a bar ta sumul, sai a yi mata ƙananan tudu da kwari da ido ba ya gani, domin haske da ya shigo a miƙe ya karkace ya bi shafen a kaikaice. A bayan silikon kuma a sa madubi na azurfa ko farin shafe mai mayar da haske, wanda ya tsere ya dawo. Eli Yablonovitch ya lissafa a 1982 cewa a silikon ana iya tsawaita tafiyar haske har kusan sau 50 idan komai ya yi daidai. Kamfanin gilashi na Asahi a Japan ya shahara da tin oksaid mai irin wannan fuska. Cibiyar bincike ta Jülich a Jamus ta riƙa zaizaye zink oksaid da ruwan asid da aka tsinka har ya yi ramuka. Masu bincike a Neuchâtel ta Suwizalan kuma suka shafa shi yadda zai fito da kansa kamar ƙananan dala. Amma nan ma akwai inda abin yake tsayawa. Idan tudun ya yi tsini, kwarin ya yi zurfi, silikon da ya sauka a kai yana fitowa da tsaga a gindin kowane kwari, wuta ta riƙa yoyo ta nan, a samu ƙarin amfiya a rasa bolt. Masu ƙera sel sun koma suna neman fuskar da ke tsaka-tsaki, mai watsa haske amma marar kaifi, kuma ba su taɓa kusantar sau 50 ɗin ba.

Hanya ta uku, wadda ta fi kawo ci gaba a zahiri, ita ce ɗora sel a kan sel. Silikon marar tsari yana kama shuɗin haske da kore da ɗan ja, zuwa tsawon zango na nanomita 750 ko kusa da haka, sauran ya wuce. Idan aka ƙara haidurojin sosai a lokacin shafe, silikon yana fitowa da ƙananan ƙwayoyin kiristal a cikinsa, kuma wannan nau'i yana kama ja da hasken da ke bayan ja har zuwa nanomita 1,100. A 1994 rukunin Arvind Shah da Johannes Meier a Jami'ar Neuchâtel suka haɗa su biyun, marar tsari a sama, mai ƙananan ƙwayoyi a ƙasa, suka raɗa masa suna Micromorph. Riba biyu aka samu. Hasken da na sama ya bari na ƙasa yana cinyewa, sannan tunda na sama ba shi kaɗai yake aikin ba, ana iya sirantar da shi, na ƙasa kuwa ba ya lalacewa a rana sosai, saboda haka raguwar farko ta sauko zuwa wajen kashi 10 zuwa 15. Bolt ɗinsu yana haɗuwa, kusan 0.9 na sama da 0.5 na ƙasa. Wahalar tana wajen amfiya: da yake a jere suke, wuta ɗaya ce take bi ta cikinsu, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya, tafiyar mai rauni ita ce tafiyar garma. Dole a daidaita kaurin kowanne yadda za su ba da amfiya ɗaya, kuma daidaiton da aka yi da hasken ɗakin gwaji yana gocewa da safe da yamma, lokacin da hasken rana ya fi ja. Don a taimaki na sama ba tare da an ƙara masa kauri ba, aka sa wata siririyar shimfiɗa ta silikon oksaid a tsakaninsu, mai mayar masa da wani ɓangare na haske.

Da waɗannan dabaru a haɗe, AIST ta kai mai hawa biyu kashi 12.7, mai hawa uku kuma kashi 14.0, duka bayan raguwa. Cikakken faranti mafi inganci da aka yi, na kamfanin TEL Solar a 2014, ya tsaya a kashi 12.3, waɗanda Kaneka da Sharp da ire-irensu suka sayar kuwa yawanci kashi 9 zuwa 10 ne. Hawan ƙasa yana bukatar kaurin maikuromita ɗaya zuwa biyu, ninki da yawa na hawan sama, don haka lokacin shafe ya ƙaru, araharsa ta ragu.

Akwai wani mai hawa uku da ya bi tasa hanyar, na kamfanin United Solar a jihar Michigan ta Amurka, wanda Stanford Ovshinsky ya assasa. Su sun gauraya silikon da jamaniyam a hawa biyu na ƙasa don su kama jan haske, suka kuma yi shafen a kan siririn ƙarfe marar tsatsa maimakon gilashi. Abin da ya fito tabarma ce mai lanƙwasa, tsawonta ya haura mita biyar, faɗinta bai kai rabin mita ba, tana ba da wat 136, ana ɓare bayanta a manna a kan rufin kwano. Ingancinta bai kai kashi 7 ba idan aka auna duk faɗinta, amma ba ta fashewa, ba ta da nauyi, kuma kowane sel yana da tasa hanyar kewaye, ta yadda inuwar reshe a gefe ɗaya ba ta kashe sauran.

Tarihin kasuwar ya shafi mai saye kai tsaye. A 2008 farashin tataccen silikon ya haura dala 400 kowane kilo, kuma a lokacin duk wanda ya zo da fasahar da ke cin silikon kaɗan sai masu jari su yi masa caa. Kafin ƙarshen 2012 kilo ya faɗo ƙasa da dala 30, masana'antun ƙasar Sin suka cika duniya da poli da mono masu araha, hujjar siririn shafe ta rushe. Kamfanin Applied Materials ya daina sayar da injunansa na shafe masu suna SunFab a 2010, uwar kamfanin United Solar ta karye a 2012, a shekarar ne kuma Oerlikon, wani mai ƙera injunan shafe, ya sayar da sashensa na sola ga Tokyo Electron, wanda ya rufe shi a 2014. Ma'anar wannan ita ce babban farantin siririn silikon da aka tarar a shago a yau, akwai yiwuwar ƙwarai tsohon ajiya ne ko na gwanjo da aka ciro daga wata gonar sola a Turai, kuma kamfanin da ya rubuta garantin shekara 25 a bayansa mai yiwuwa ba ya nan balle a kai masa ƙara.

Inda siririn silikon ya ci babbar nasara shi ne inda ya bar wa wani aikin kama haske. Injiniyoyin Sanyo sun gano cewa idan aka shafa silikon marar tsari mai kaurin nanomita 5 zuwa 10 kacal a fuskoki biyu na fallen mono, haidurojin ɗinsa yana toshe gurabun da ke fuskar fallen, inda ilektoron suka fi salwanta. Fallen ne yake kama haske, shafen yana tsaron ƙofa. Sun fara sayar da shi a 1997 da sunan HIT, yanzu kuma a takardar bayan faranti HJT ake rubutawa. Bolt ɗin sel ɗaya ya haura 0.73, abin da mono na da bai taɓa kaiwa ba. Kaneka, wanda ya koyi sana'ar shafe a kan farantai masu hawa biyu, ya kai kashi 26.7 a 2017, LONGi na ƙasar Sin ya kai 26.81 a 2022, alhali iyakar da lissafi ya ba silikon shi kaɗai ita ce kusan 29.4. Raguwar Staebler da Wronski ba ta da wani tasiri a nan, tunda shafen ba shi ne mai samar da wutar ba. Abokin gasarsa a kasuwa, TOPCon, shi ma siririn shafen silikon ne a bayan falle, a kan wata shimfiɗar oksaid da ba ta kai nanomita biyu ba. Wanda yake son amfanin shekara arba'in na binciken siririn silikon, a cikin waɗannan farantai biyu zai same shi.

Yanzu a koma kan batun zafi, wanda shi ne ya fi shafar ƙasar Hausa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, iska a Sakkwato ko Zinder tana haura digiri 40, farantin da ke kan rufi kuwa yana iya kai 65 da tsakar rana, wato digiri 40 sama da zafin ɗakin gwaji. Kowane digiri ɗaya yana rage wa marar tsari kusan kashi 0.2, mono irin na PERC, wanda ya riga TOPCon yaɗuwa a kasuwa, kusan 0.35, TOPCon kusan 0.30, HJT kusan 0.26. Idan aka ninka da 40, marar tsari ya rasa kashi 8, HJT wajen 10, TOPCon 12, PERC 14. A kan kowane wat 1,000 da aka rubuta, marar tsari zai ba da 920, PERC ya ba da 860. Ga gaskiyar maganar da aka saba faɗa nan: wat 60. Akwai ma ƙari a kai, domin zafin da ke wahalar da mono yana yi wa marar tsari wani ɗan gashi da ke mayar masa da kaɗan daga ƙarfin da haske ya ci, shi ya sa yake fi yin kyau a ƙasashe masu zafi a kan masu sanyi, shi ya sa kuma manna shi a kan kwano ba ya cutar da shi, alhali mono yana bukatar a bar masa sarari a ƙasa iska ta riƙa wucewa.

Amma a sake lissafin a kan faɗin rufi. Murabba'in mita ɗaya na marar tsari mai kashi 7 yana ba da wat 70, zafi ya mayar da shi 64. Na mono mai kashi 21 yana ba da 210, zafi ya mayar da shi kusan 180. Ko a ranar da ta fi kowace zafi, mono ya kusa ninka shi uku. Wanda zai kafa kilowat 3 don famfon rijiyar burtsatse yana bukatar kusan murabba'in mita 43 na mai hawa ɗaya, 30 na mai hawa biyu, 14 na mono. Kowane ƙarin mita ƙarfe ne da za a saya a yi walda, siminti ne na ginshiƙi, waya ce, shinge ne mafi faɗi saboda dabbobi da ɓarayi, kuma gilashi ne da wani zai wanke. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanki ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a ƙauyen da ruwan ma sai an ja shi, wanke mita 43 ya bambanta da wanke 14. Ƙurar ma ba ta yi wa marar tsari adalci: jar ƙura a kan gilashi ta fi tare shuɗin haske, wanda shi ne abincinsa. Wat 60 ɗin da aka samu ta fuskar zafi, ƙara mono guda ɗaya a jeri ya biya su har da ragi.

Maganar caji a cikin hadari ita ma tana da tushe, domin hasken da ya ratso gajimare ya fi karkata ga shuɗi, kuma marar tsari yana riƙe kasonsa da kyau a ƙaramin haske. Sai dai kaso mai kyau na haske kaɗan wuta kaɗan ce. Mono na yau ma ba ya mutuwa a hadari kamar yadda ake zato, kuma a yankin da rana take ba da kilowat-awa biyar da rabi zuwa shida a kowane murabba'in mita a matsakaicin yini, mafi yawan wutar shekara daga tsakar rana mai haske take fitowa, ba daga ranakun marka na Agusta ba.

Sai batun haɗawa, inda masu gyara da suka saba da mono suke yin kuskure. Siraran layukan nan da ake gani a gilashin, leza ce ta yanka shafen zuwa dogayen sel masu yawa da aka haɗa a jere, don haka babban farantin yana ba da bolt mai yawa, sau da yawa 60 zuwa sama da 100, da amfiya kaɗan. Idan aka haɗa shi da batir mai bolt 12 ko 24 ta kwantirolar caji irin ta PWM, wadda ke jawo bolt ɗin faranti ƙasa zuwa na batir, mafi yawan ƙarfinsa ya tafi a banza. Sai kwantirolar MPPT, mai mayar da rarar bolt amfiya, wadda ke jure wannan bolt ɗin. Idan sabo ne, a makonnin farko zai ba da fiye da abin da aka rubuta, tunda adadin da ke takarda na bayan raguwa ne, kuma dole kwantirola da waya su iya ɗaukar wannan rarar. Yawancin masu gilashi a gaba suna bukatar a haɗa wayar nagatib da ƙasa, a yi amfani da inbata mai taransifoma, in ba haka ba sinadarin sodiyam na gilashi da danshi suna cinye shimfiɗar nan mai ɗaukar wuta daga gefe, ta yi fari-fari, lalacewar kuma ba ta gyaruwa. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke da babban tasiri a ƙasa mai ƙura: a kafa farantin yadda layukan za su gangaro daga sama zuwa ƙasa. Ƙura da laka suna taruwa ne a bakin ƙasa na gilashi. Idan layukan a tsaye suke, dattin ya rufe ɗan ƙarshen kowane sel, asarar kaɗan ce, idan kuwa a kwance suke, ya rufe sel ɗaya gaba ɗayansa, ya shaƙe wutar farantin duka. Wanda ya riga ya mallaki irin waɗannan farantai, gyara waɗannan abubuwa zai ƙara masa wuta fiye da duk abin da wani ɗakin bincike zai iya yi masa.

Ba na cewa siririn silikon ba shi da gurbi. A ƙananan kaya da ke aiki da hasken ɗaki ko inuwa, irin su na'urar lissafi da agogo da fitilar tsakar gida da na'urorin awo, har yanzu yana da wuyar kayarwa, saboda hasken fitila ya dace da abin da yake kamawa. A gilashin gini da ake son haske ya ratsa kuma a samu wuta, yana da amfani. A rufin da ba zai ɗauki nauyin gilashi da ƙarfe ba, mai lanƙwasa yana magance matsala, kodayake yanzu akwai mono marar nauyi da ke yin wannan aikin da ninkin ƙarfinsa. Sai kuma mai fili a gona da ya sami na gwanjo a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai, har idan ya haɗa kuɗin ƙarfe da waya da kwantirola jimillar kowane wat ta kasa ta mono. Shi wannan sai ya gwada kafin ya biya. Kenya ta ga irin wannan a shekarun 1990, lokacin da ƙananan farantan marar tsari masu wat 12 suka cika ƙauyuka saboda araha, gwaji kuma ya nuna wasu samfura suna ba da abin da aka rubuta, wasu kuwa sun gaza nesa ba kusa ba. Gwajin ba wuya: a goge gilashin, a fuskantar da shi ga rana da tsaka, a auna bolt da amfiya da mita a gwada da takardar baya, a duba gefuna ko akwai farin tabo ko inda gilashi biyun suka fara rabuwa. A karanta takardar da kyau kuma, domin ba kowane baƙin gilashi marar firam ba ne silikon. Wasu kadmiyam telurad ne irin na kamfanin First Solar, wasu wani haɗin sinadarai ne da ake kira CIGS, kuma halinsu da ƙarfinsu dabam ne. Lambar IEC 61646 a jiki tana nuna an yi farantin ne a ƙarƙashin tsohon ma'aunin siririn shafe, wanda aka haɗe cikin IEC 61215 a 2016, don haka tana ba da haske a kan shekarunsa.

Ga mai gida ko shago ko asibiti ko makaranta da zai sayi sabo ya ɗora a rufi, shawarata ita ce ya bar mai hawa ɗaya da mai hawa biyu, ya tsaya tsakanin TOPCon da HJT. A zafin digiri 65 bambancinsu ta fuskar zafi bai wuce kashi biyu ba, saboda haka idan HJT ya fi tsada da kashi biyu ko uku a kan kowane wat, ya cancanci kuɗinsa, musamman a rufi mai ƙunci ko inda za a ɗaga farantan sama da farar ƙasa su riƙa karɓar haske ta baya, abin da HJT ya fi gwaninta a kai. Idan tazarar farashin ta kai kashi goma, TOPCon ya fi. Wanda ya zaɓi HJT kuma ya nemi mai gilashi gaba da baya wanda aka toshe gefunansa da kyau, domin siraran shimfiɗun da ke fuskar sel ɗinsa ba sa shiri da danshi, kuma damina a Kaduna ko Jos ta isa ta gwada kowane faranti.